Auren Mangwaro a Tudun Marmara

Akwai wani mutum mai babban lambu a bakin kogi. Mangwaron lambunsa ya yi suna har garuruwa masu nisa, wanda ya taɓa sha kuwa ba ya mantawa. Mutumin nan yana da wata al'ada. Yakan karɓi matasa daga ƙauyuka su zauna a wurinsa na 'yan shekaru. Kowa ya zo sai ya yanka masa ɗan fili, ya nuna masa inda zai ɗebi ruwa, ya ba shi taki da inuwa. Amma ba ya gaya wa kowa abin da zai shuka. In ka tambaye shi abu, zai zauna ya koya maka har rana ta faɗi. In ba ka tambaya ba, sai ya amsa gaisuwarka ya wuce. Ranar da lokacinka ya cika kuwa, sai ka kwashe abin da ka raina a filin nan ka tafi da shi gida, gama akwai waɗansu a bakin ƙofa suna jiran wurin.

Cikin waɗanda suka shiga lambun a wata shekara akwai wata budurwa, sunanta Kyauta. Mahaifinta ya rasu, ya bar musu gona guda a kan tudu, ita da mahaifiyarta da ƙannenta. Gona dai sunanta gona, amma in ka sa fartanya, kafin ka yi zurfin tafin hannu sai ka ji ƙarar marmara. Gero ya fito ya tsaya iya gwiwa, dawa ko ba a magana. Ƙanen mahaifinta, wanda suke kira Baffa, shi ke cika musu rumbu kowace shekara, ga kuma nasa iyalin. Kada ku ɗauke shi mugun mutum, gajiya ce kawai ta kama shi. Da masu haƙar marmara domin aikin hanya suka zo suka taya gonar, sai ya ce a sayar kowa ya huta. Mahaifiyar Kyauta ta yi kuka a gaban dattawan dangi, ta ce in aka haƙe tudun nan ya zama kududdufi, 'ya'yanta ba su da wurin da za su nuna su ce nasu ne. Dattawa suka yanke magana. Tun da yarinyar ta sami shiga lambu, a jira ta. In ta dawo ta yi dashe, damina ta biyu ta zagayo, Baffa ya je ya duba. In ya ga gonar za ta iya ciyar da gidan, an bar musu. In bai gani ba a sayar, ba mai sake ta da maganar.

To, lokacin da sababbin matasan suka shiga, mangwaro ya nuna. A tsakiyar lambun akwai wani itace wanda 'ya'yansa suka fi na kowane girma da zaƙi, ba zare ko ɗaya a cikinsu. Yaran nan suka sha har suka ƙoshi, kowa ya lashe ƙwallonsa tas ya ruga ya binne a filinsa. Wanda ya fi kowa himma a cikinsu wani saurayi ne mai suna Yunana. Kai, yaron nan ba malalaci ba ne! Kafin wani ya tashi ya riga ya kai ruwa ya dawo. Ya tara ƙwallayen itacen nan cike da buhu, ya jera su layi layi, ya ce shi kam ya gama shirinsa, saura jira.

Kyauta ma ta sha, ta kuma riƙe ƙwallonta a hannu. Amma ba ta binne ba. Ta zagaya da shi kwana da kwanaki, ana ta yi mata dariya wai ko tana jira ya tsira a tafinta ne. Abin da ke damunta kuwa ɗaya ne: ƙasar lambun baƙa ce mai laushi, ruwa a kusa, ita kuwa inda za ta kai dashenta dutse ne. Daga baya ta je ta durƙusa a gaban mai lambu ta ce, "Baba, wannan zai rayu a kan marmara?"

Tsohon ya dube ta da kyau, domin an daɗe ba a yi masa tambaya irin wannan ba. Sai ya tambaye ta abin da ke raye a gonarsu yanzu, wanda ba mai ba shi ruwa. Ta ce babu kome, sai wani tsohon mangwaro a bakin iyaka, mai tsami, mai zare kamar igiya, wanda ko yara sai sun rasa abin yi suke jifansa. Awaki ne ke cin moriyarsa.

Sai ya kama hannunta ya kai ta gindin itacen nan mai zaƙi, ya share ciyawa, ya nuna mata wani tabo da ya zagaye kututturen, kusa da ƙasa. Ya ce mata itacen da take gani guda ɗaya, a gaskiya biyu ne. Daga tabon zuwa ƙasa wani mangwaro ne mai tsami wanda ya tarar a wurin. Daga tabon zuwa sama kuwa reshe ne da ya roƙo daga wani lambu tun yana saurayi, ya haɗa su suka zama jiki ɗaya. Masu lambu suna kiran wannan aiki aure.

Na ga waɗansunku a baya sun ɗaga kai da suka ji an ce aure. Ku kwantar da hankalinku, na itace ne.

Tsohon ya ƙara mata da abin da ya fi muhimmanci. Ƙwallon mangwaro mai aure ba ya bin uwarsa. Ka shuka shi zai fito, ya yi tsawo, ya yi ganye mai kyau, amma abin da zai haifa ba wanda ya sani sai ranar da ya haifa, ranar kuwa tana da nisa.

Kyauta ba ta ɓoye wannan magana ba. Ta je ta gaya wa Yunana. Shi kuwa ya yi dariya, ya ce shi ɗan manomi ne, a gidansu in suka ware zangarniyar dawa mai kyau suka shuka, irinta ke fitowa, ba a taɓa shuka kaura aka girbi farfara ba. Kun ga ba wauta ba ce, abin da ya sani a gida ne ya ɗora a inda ba ya hawa. Da ya taka ƙafa goma ya tambayi tsohon da ya ji, amma bai ga dalili ba.

Ita kuwa ta roƙi izini ta koma gida. Ta hau tudun mahaifinta ta tsaya a ƙarƙashin tsohon itacen nan da ta raina tun tana ƙarama. Rani ne, kome ya bushe, shi kaɗai ke da ɗanyen ganye. Ta duba inda ruwa ya zaizaye ƙasa, ta ga yadda saiwarsa ta bi tsagar marmara ta nutse. Ta kori awaki, ta tsince ƙwallayensa ta cika kwando.

Ba ta tsaya nan ba, wannan kuwa shi ne abin da ya fi burge ni da yarinyar nan. Ta sauka bakin babbar hanya inda mata ke kasa mangwaro a faranti, ta zauna da su wuni guda tana taya su kore ƙuda. Ta tambaye su wane iri ne masu mota ke tsayawa dominsa, wane ne ke ruɓewa a hannunsu. Suka ce mata a tsakiyar kakar mangwaro kowa yana da shi, har zubarwa ake yi. Wanda suke nema su rasa shi ne mai nuna a makare, bayan ruwa ya sauka sosai, mai kaurin ɓawo wanda zai sha girgizar mota a hanyar ƙauyensu bai fashe ba. Ta riƙe maganar nan ta koma lambu.

Da ta shuka ƙwallayen da ta kawo, sai aka sa wa filinta suna lambun awaki. Ta ji zafi, ba shakka, mutum ce. Amma tsiron ya fito da ƙarfi, ba ya neman ruwa da yawa, kafin shekara ta zagayo ya yi kore shar ya kai ƙugunta. Har masu yi mata ba'a suka fara tsayawa suna kallo. A lokacin nan ne ta koma wurin mai lambu ta ce ya koya mata aure. Ba kuma reshen itacen nan mai zaƙi na tsakiyar lambu ta roƙa ba. Ta nemi na wani itace a can ƙarshen lambu wanda ba a cika zuwa wurinsa ba, domin sa'ad da kowa ke shan mangwaro, nasa ɗanye ne shataf.

Tsohon ya wasa wuƙa ya miƙa mata, ya ce ta sare kan kowane tsiro, ta bar iya taƙi ɗaya daga ƙasa.

Allah sarki! Ta tsaya da wuƙa a hannu tana kallon abin da ta yi shekara tana raino. Shi ne abu na farko a duniya da aka taɓa yaba mata a kansa. Hawaye ya zubo mata. Ta ce, "Baba, duka?"

Ya ce, "Wanda kika bari da kansa, tsami zai haifa."

Ta sare. Ta tsaga kututture, ta fiƙe ɗanyen reshe, ta cusa yadda ɓawo zai haɗu da ɓawo, ta ɗaure da leda. Da yamma filinta ya koma guntaye guntaye da ɗauri a kai, na Yunana kuwa a gefe yana kaɗa ganye. Ba kuma a nan wahalar ta ƙare ba. Fiye da rabin abin da ta ɗaura ya yi baƙi ya mutu. Ta kwance ɗaurin ta kai wa tsohon, ya nuna mata inda hannunta ya yi rawa, da inda ruwa ya shiga domin ɗaurin bai yi ƙarfi ba. Ta je ta yi ta koyon yanka a jikin rassan da aka zubar har yatsunta suka yi kanta, sa'an nan ta sake. Wannan karon suka kama. Daga nan kuma sai tsohon tushen ya riƙa fitar da nasa toho a ƙarƙashin ɗaurin, mai ƙarfi, mai kyan gani, yana neman ya shanye ruwan da ya kamata ya hau wurin sabon reshen. Kowace safiya sai ta bi ta karye su da farce.

Ana nan, lokaci ya cika, aka buɗe ƙofa. Dashen Yunana ya fi shi tsawo, sai da aka kawo amalanke, mutanen ƙauyensu suka tarye shi da murna. Kyauta ta fito da nata a kwanduna, ba wanda ya wuce gwiwa. Da Baffa ya gani, sai ya girgiza kai kawai ya koma gida, wannan kuwa ya fi zagi ciwo.

Ta fasa marmara da diga, ita da mahaifiyarta da ƙannenta, suka cika ramuka da taki suka dasa. Da rani ya shigo ta binne tsofaffin tukwane masu huji a gindin kowanne, tana zuba musu ruwan da suka ɗauko a ka daga rijiya. Ba ko ɗaya da ya mutu. Da sanyi ya shigo kuma sai ga abin mamaki: ƙananan itatuwan nan suka yi fure, gama mai aure ba ya daɗewa. Tudu ya yi fari, ƙudan zuma suka cika wurin. Mahaifiyarta ta yi ta rawa tana yabon Ubangiji, ta ce ga amsar addu'a, bari Baffa ya zo ya ga 'ya'ya a kowane itace, magana ta ƙare.

Amma Kyauta ta tambaya tun tana lambu, ta kuwa san abin da furen nan yake nufi. Itacen da bai gama kafa saiwa ba, in ya ɗauki 'ya'ya, ƙarfinsa duka can zai tafi. Zai ba ka abin nunawa bana, baɗi ya tsumbure, waɗansu ma rani ya tafi da su. In ta bar furen, za ta yi nasara a gaban dattawa, amma ta rasa gonar a hankali. In ta cire, Baffa zai zo ya tarar da ganye kawai. Ta yi addu'a, ta kasa cin abinci, tsoro ya kama ta ƙwarai.

Da safe mahaifiyarta ta hau tudu ta tarar da ita tana tsinke furen tana zubarwa. Matar nan ta riƙe hannunta tana kuka, tana cewa ashe ita da kanta za ta miƙa wa masu haƙa gadon ubanta. Kyauta ma tana kuka ta ce, "Mama, ba gonar nunawa nake so in bar wa ƙannena ba, ta ci nake so." Ta tsinke duka, sai itace ɗaya wanda ya fi sauran ƙarfi, ta bar masa 'yan kaɗan, ta kafa masa sanda ta tokare reshen.

Kakar mangwaro ta zo ta wuce, kasuwa ta cika ta kuma ƙare. Ruwa ya sauka sosai, dawa ta kai ƙirji, sa'an nan Baffa ya hau tudun, da dattawa, da mutumin da zai sayi gonar yana biye da su. Baffa ya duba dama ya duba hagu, ganye ne kawai. Ransa ya ɓaci, ya ce shekarun nan duka abin da aka je aka koyo ke nan, tsinke a cikin dutse, wanda ko yaro zai tuge da hannu ɗaya. Don ya nuna wa dattawa, sai ya sunkuya ya kama ɗaya ya ja. Bai motsa ba. Ya sa hannu biyu, ya kafa ƙafa, ya ja har jijiyar wuyansa ta tashi. Hannunsa ya suɓuce, ya zauna daɓas a ƙasa, itacen kuwa yana nan tsaye. Ba wanda ya yi dariya, sai mai sayen da ya juya baya yana tari.

Kyauta ta zo ta ɗaga shi, ta kakkaɓe masa riga, ta ce, "Baffa, zo ka ga wani abu." Ta kai shi wurin itacen nan ɗaya, ta ɗaga ganye. Ga mangwaro nunanne, manya, a lokacin da ko a birni ba za ka sami na sawa a baki ba. Ta tsinko ta yanka ta ba shi, ta ba dattawa. Baffa ya sha. Ya juya ya dubi sauran itatuwan, layi bayan layi har bakin iyaka, ya tambaye ta ko duka irin wannan ne. Ta ce duka. Ya tambaye ta ina nasu 'ya'yan. Ta gaya masa abin da ta yi da dalilinta. Baffa ya daɗe a tsaye, ruwan mangwaro yana bin gemunsa, idonsa ya cika da ƙwalla. Sa'an nan ya juya wurin mai sayen ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, mun ɓata maka lokaci. Gonar nan tana da mai ita."

Yunana fa? Itatuwansa suka yi girma, suka yi inuwa mai daɗi, aka yi ta jira. Da suka tashi haihuwa, wannan ƙanana, wancan tsami, wani ma ganye kawai. Ba ɗaya da ya yi kama da wanda ya sha a lambu. Amma ina girmama yaron nan, domin bai zauna yana zargin mai lambu ba. Ya ajiye girman kai ya hau tudun Kyauta ya tambaye ta ko akwai sauran dabara. Ta ce akwai, babban itace ma ana yi masa aure, sai dai da zarto ake yanka shi ba da wuƙa ba, jiran kuma sabo ne. Ta ba shi rassa ta bi shi ta nuna masa. Ya yanka.

Ma'anar wannan misali ita ce, ku 'ya'yana da kuka dawo hutu daga jami'a kuka cika mana bencin coci yau. Lambun nan makarantarku ce. An ba ku ruwa da inuwa na ɗan lokaci, ba kuwa wanda zai bi ku ɗakin kwana ya ce me kake shirin zama. Malamanku suna da abin koyarwa fiye da wanda suke faɗa a aji, amma sai wanda ya ƙwanƙwasa ƙofar ofis yake samu. Wata rana kuma za a ce ku kwashe kayanku, waɗansu na jiran gadon.

Na sha tambayar ɗalibai me za su yi in sun gama, sai su ce mini, "Allah zai yi." Haba! Ni ne zan yi musun Allah zai yi? Amma Allahn nan da zai yi, shi ne ya ba ka ƙafa ka je ka duba, ya ba ka baki ka yi tambaya. Waɗansu kuma sun ga ɗan maƙwabci ya shigo gari da mota, sai suka ce abin da ya karanta shi za su karanta, inda ya shiga nan za su shiga. Wannan shi ne lashe ƙwallo a binne. Ka ga abin da rayuwarsa ta haifa, ba ka ga tabon da ke gindinsa ba. Ba ka san baiwar da aka haife shi da ita ba, ba ka san wanda ya zauna ya koya masa ba, ba ka san abin da ya yanke ya zubar ba.

Tsohon itacen nan mai tsami kuwa, shi ne abin da Allah ya riga ya sa a cikinka, wanda kai kake rainawa. Wata tun tana ƙarama in yara suka yi faɗa ita ke raba su. Wani ba a taɓa ba shi rediyo ya lalace bai buɗe cikinsa ba. Wata ta girma a rumfar uwarta, ta iya magana da kowane irin mai ciniki. Kuna ganin waɗannan ba kome ba ne domin ba a rubuta su a takardar shaida. Su ne fa suka rayu a kan dutsenku ba mai ba su ruwa. Har fannin da aka ba ka wanda ba shi ka nema ba, kana ta gunaguni tun shekarar farko kai likita ka so aka tura ka nazarin tsirrai, shi ma tushe ne. Ka daina kuka a kansa, ka tambayi abin da za a iya ɗaurawa a kai.

Ku lura kuma, yarinyar nan ba ta zaɓi reshe a cikin lambu ba, a bakin hanya ta zaɓe shi. Ta je wurin waɗanda za su karɓi abin da za ta kawo, ta ji abin da suka rasa. Kai da kake karanta aikin gona, ka taɓa wuni da masu sayen hatsi? Ke mai karanta lissafin kuɗi, kin taɓa roƙon wani ofis ko wani shago su bar ki ki zauna a hutu ki ga yadda ake yi, ko ba za su ba ki ko kwabo ba? Hutu ya zo ku kwana ku tashi a kan waya, yajin aiki ya zo ku ce an ɓata muku lokaci. Lokacin nan ne na hawa tudu. Ka nemi wanda yake yin aikin da ranka yake so, ka gaishe shi da ladabi, ka tambaye shi me ya kamata ka iya kafin ka fito, me kuma ya yi da ya sani a kai. Daga abin da ya faɗa maka za ka san darasin da za ka ɗauka da wanda za ka ƙara a gefe.

Sai batun wuƙa, nan ne kowa yake ja da baya. Wanda ya zaɓi hanya ɗaya, dole ya bar waɗansu masu kyau. Ba zunubi kaɗai ake yankewa ba. Kana cikin ƙungiyar mawaƙa, kana siyasar ɗalibai, kana sayar da takalma, kana koyon ɗinki, ga ƙwallo da yamma, kowanne ɗanye shar, amma ba wanda zai kai ga haihuwa. Za ku gwada ku faɗi, kamar yadda rabin ɗaurin Kyauta ya mutu. Ku kwance ku kai wa wanda ya sani ya nuna muku inda hannu ya yi rawa, kada ku ɓoye. Fure kuma zai zo da wuri. Ɗan abu zai fara shigowa hannu tun kana aji biyu, sai ka ji kamar ka bar karatu ka bi shi, ko don mutanen gida su ga kai ma ka fara. Ku yi hankali da wannan, gama ya tsumburar da yara da yawa da na sani. Ban ce kada a ga kome a hannunku ba, ita ma ta bar itace ɗaya. Amma ta san wanne ne na nunawa, ta san waɗanne ne na rayuwa.

Kai kuma da kake shekarar ƙarshe, ko ka riga ka gama bautar ƙasa kana zaune, kana jin maganar nan zuciyarka tana cewa ni kam na makara: ba ka makara ba. Naka da zarto ne, zai fi zafi, za a kuma yi maka kallon wanda ya koma baya. Ka yanka, Ubangiji bai gaji da kai ba.

Abu na ƙarshe. Kada wani ya ce rayuwata ce, in na ga dama in yi shiri, in na ga dama in bari. Ba wanda ya shiga jami'a shi kaɗai. Ku waiwaya ku dubi bencin baya. Ga iyayenku mata can, sun ɗaura zanen ƙungiyar zumuntar mata, waɗansu ba su taɓa taka ƙofar makarantarku ba, ba su ma iya faɗin sunan abin da kuke karantawa daidai. Amma su ne suka hana cikinsu domin ku tafi, ƙannenku kuma ku suke kallo. In an tashi sujada, kada ka ruga wurin abokai. Ka je ka zauna kusa da mahaifiyarka, ka gaya mata da Hausa abin da kake shirin zama, da matakin da za ka fara ɗauka in ka koma. In ba ka sani ba tukuna, ka faɗa mata gaskiya, ku durƙusa tare ku roƙa. Ta daɗe tana so ta tambaye ka, tsoro take ji kada ka ce ba za ta gane ba.